Yini guda a Futaba

Ranar da na gaya wa Umma cewa daga Tokiyo zan leƙa Fukushima, sai ta yi shiru a waya, can ta ce, "Kai kuwa me ka ajiye a can? Ba wurin da gubar nan ta tashi ba ne?" Ban ga laifinta ba. Tun 11 ga Maris 2011, da girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta tayar da igiyar sunami ta cinye tashar nukiliyar Fukushima Daiichi, har tukwane uku na sarrafa makamashin tashar suka narke, sunan ya zama abin tsoro. Ni kaina sai da na tanadi 'yar na'urar awon tururin nukiliya kafin in kama hanya.

Na'urar ta fara ba ni mamaki tun a jirgin sama. Da muka lula can ƙololuwa, lambarta ta hau fiye da abin da na gani daga baya a tashar jirgin ƙasa ta Futaba, garin da ke gab da inda hatsarin ya faru, domin tururin da ke saukowa daga sararin samaniya ya fi ƙarfi a sama.

Layin dogo na Joban na bi, wanda sai a Maris 2020 aka gama buɗe shi. Wajen awa uku muka yi. Futaba na da 'yan kilomitoci kaɗan daga tashar nukiliyar, kuma a bakin hanya akwai allunan lantarki masu nuna yawan tururin a kowace awa. Mizanin da gwamnatin Japan ta sa a gaba wajen tsabtace yankin shi ne maikrosibat (ma'aunin tururin da jiki ke ɗauka) 0.23 a awa. Na yi ta duba allon ina duba tawa na'urar kamar mai lissafin kuɗi.

Direban da ya zagaya da ni, dattijo ne ɗan yankin, ya ja min kunne kan abu biyu. Kada in tsallake shingen unguwannin da har yanzu aka hana komawa, kuma kada in ci naman daji ko lemar kwaɗi da aka tsinko a kurmi. Sinadarin ayodin-131 da ya firgita mutane a farko yana raguwa da rabi duk kwana 8, ya daɗe da gushewa. Siziyom-137 kuwa sai shekara 30 kafin ya ragu da rabi, kuma yana maƙale a ƙasar daji inda ba a kankare samanta ba. Abincin kasuwa ana gwada shi, doka ba ta yarda ya wuce bekarel (ma'aunin tururin da abu ke fitarwa) 100 a kilo ba. Shinkafar da na ci da rana, da kwanciyar hankali na ci ta.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne shirun garin. Kusan mutum 7,000 ne a nan kafin hatsarin, kuma sai a 2022 aka fara barin mutane su dawo su kwana. Mun wuce wani gida, ciyawa ta kai tagarsa, keken yaro na jingine a bango duk ya yi tsatsa. Dattijon ya rage gudu, bai ce komai ba. Da muka yi gaba kaɗan ya nuna min wani fili da yatsa, ya ce nan gonar mahaifinsa take.