Yau da hotunan Japan na wuni

Asabar

Tun bayan sallar asuba nake kan abu ɗaya, tsofaffin hotunan Japan ɗin nan da nake sakawa a Facebook duk ƙarshen sati. Yau taskar laburaren Jami'ar Nagasaki na shiga, sun ɗora dubban hotuna a intanet na ƙarshen zamanin samurai, wato mayaƙan Japan na da, da na mulkin Sarki Meiji da ya fara a 1868, ina ta buɗewa ina ta buɗewa har data ta yi rabi ban ankara ba. Goma sha biyu na ware.

Wajen azahar ƙanena ya leƙo wayar ya ga wata mata da laima, rigarta shuɗiya, ya ce Yaya wannan ai kwamfuta ce ta sa kalar. Wallahi sai da abin ya taɓa ni, na ce zauna ka ji. Hoton baƙi da fari ake wanke shi a takardar da aka shafa wa farin ƙwai, sannan mai zane ya zauna da ɗan siririn buroshi ya bi shi da launi, fuska, riga, furanni, ɗaya bayan ɗaya da hannu. Kusakabe Kimbei ma, wani mai ɗaukar hoto ɗan Japan, da wannan aikin ya fara a shagon wani Bature mai ɗaukar hoto, Felice Beato, a birnin Yokohama kafin ya buɗe nasa a 1881, shi kuma Beato gobarar 1866 ta cinye masa shago amma ya sake tashi. Irin wannan wahala ce mutane ke kwasa su watsa ba suna ba shekara ba gari, kawai Japan a da, shi ke nan.

Kuma da yawa fa shirya su aka yi a cikin shago don a sayar wa Turawa 'yan yawon buɗe ido. An hana yawo da takobi tun 1876, to in ka ga samurai da sulke da takubba a hoton bayan nan galibi wani aka sa wa kayan ya tsaya, dole in rubuta hakan a ƙasa in dai zan saka.

Rubutun ne ya ci min yamma gaba ɗaya, ga wuta an ɗauke tun la'asar caji na ta sauka. Tara na saka bayan isha'i, kowanne da sunan mai ɗauka da garin. Ukun da suka rage na ajiye sai gobe in sake bin taskar in nemo masu sunan mai ɗauka da garin.