Littafin jini na fadarmu

Fadarmu ta Bukoki shayi ne ya haɗa ta, kamar kowace fada a Yamai. Abin da ya mai da ita ƙungiyar sa-kai kuwa ɗiyar maƙwabcinmu ce, 'yar shekara uku, wadda zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini a wata damina. Cikin dare ubanta ya zo ya iske mu bisa tabarma, ya ce likita na neman mai ba da jini. Mu shida muka tashi, ba ko ɗaya da ya san rukunin jininsa. Allah ya sa na mutum biyu ya dace, yarinya ta tashi.

Sai zumuɗi ya ɗebe mu. Muka jira 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya, muka yi karo-karo na jika-jika, muka buga riguna, muka yi hayar kujeru da lasifika. Ma'aikatan cibiyar ƙarin jini ta ƙasa, CNTS, suka zo da kayan aikinsu. Wuri ya cika maƙil, amma 'yan kallo sun fi masu miƙa hannu yawa nesa ba kusa ba. Rigunan dai har yau ina ganinsu a jikin yaran unguwa.

Da ana tattara kaya wata ma'aikaciya, sa'ar mahaifiyata, ta ja ni gefe. "Ɗana, jini ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Kwana 42 ne iyakarsa a firji. Kun zo a Yuni, mu kuwa daga Agusta zuwa Oktoba muke kuka, sai kuma cikin azumi." Na ce, "Inna, to yaya za mu yi?" Ta ce mu sayi littafi.

Littafin 'yan makaranta muka saya. Suna, lambar waya, rukunin jini, ranar da mutum ya bayar. Namiji sai ya yi wata 3 kafin ya sake, mace wata 4, wanda bai kai shekara 18 ko kilo 50 ba kuma ba ma wahalar da shi.

Cika shi ne ya ba mu wuya. Dattawa suna cewa sayar da jinin ake yi, wannan matsalar kuwa liman ne ya kashe mana ita bayan sallar Juma'a. Ta samari ta fi zurfi, kuma na daɗe ban gano ta ba: ba allura suke tsoro ba, sakamako ne, don ana gwada kowace leda a ga ko akwai ƙanjamau, ciwon hanta ko tunjere. Shi ya sa muka daina tambayar kowa dalilin da aka maido shi. Gaban sunansa ɗigo kawai muke sawa, kuma ba a sake kiransa.

Littafin yana hannun mai dafa mana shayi, don shi ne ba ya barci da wuri.