Inshorar gobara na saya, ruwa ne ya zo

Ƙannena masu tasowa a harkar kasuwanci, ku matso in ba ku labarin wautata, ko Allah Ya sa ku tsallake ramin da na faɗa.

Bayan gobarar da ta cinye kasuwar Monday ta Maiduguri a watan Fabrairun 2023, tsoro ya shige ni. Wutar ba ta taɓa ni ba, domin sitona a Gwange yake, amma na ga manyan 'yan kasuwa sun wayi gari ba su da ko allura. Sai na je na yi wa kayana inshora. Ma'aikacin da ya karɓe ni, wani yaro mai ladabi, ya ce: "Alhaji, in ka ƙara ɗan wani abu a kai, za a haɗa maka da ambaliya da guguwa." Na yi dariya na ce, a garin da muke fita roƙon ruwa? Ai rabonmu da babbar ambaliya tun 1994. Na sa hannu a kan ta gobara kaɗai, na fito ina ganin na yi wayo.

Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari. Sai da aka yi kwanaki kafin na iya kai wa ga sito. Da na buɗe ƙofa, warin ne ya fara mari na. Buhunan sukari sun zama fanko, fulawa ta zama ƙullu mai tsami, shinkafa ta kumbura ta yayyaga buhunanta. Littafin da nake rubuta kaya da bashi kuwa, ko shafi ɗaya ba ya karantuwa.

Na ɗauki takardata na nufi kamfanin da ƙarfin gwiwa. Suka buɗe mini shafin da ban taɓa karantawa ba. Babu ambaliya a ciki. Ba su cuce ni ba, abin da na saya suka nuna mini.

Maƙwabcina ya fi ni hankali, ya haɗa da ambaliya, amma shi ma ya sha nasa. Ƙimar kayan da ya rubuta ta tsohon farashi ce, kafin a cire tallafin man fetur naira ta faɗi, kuma bai je ya gyara ba. Ƙa'idarsu ita ce, in rabin ƙimar kayanka ka yi wa inshora, rabin asararka za a biya ka. Saboda haka kada ku rage ƙima don kuɗin shekara ya yi sauƙi, in kaya sun tashi kuma ku koma a sabunta. Rasit da hoton sito ku ajiye su a waya. In abin ya faru, ku sanar da kamfani nan take, kada ku zubar da ruɓaɓɓen kaya sai mai tantancewa ya gani da idonsa.

Lokacin saye shi ne rani. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar lura da koguna da ruwa ta ƙasa, NIHSA, kuma ta bayyana wuraren da ake fargabar ambaliya. Wanda ya bari sai ruwa ya iso bakin ƙofa, ba kamfanin da zai saurare shi.

Na san wasunku zuciyarsu ba ta kwanta da inshora ba saboda addini. Akwai takaful, wadda aka gina a kan taimakekeniya. Ku tambayi malaminku, ku kuma tabbatar kamfanin yana da lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora.

Ni dai yanzu na ɗaga dandamalin sitona, buhu ba ya taɓa ƙasa. Duk shekara kafin hadari ya fara haɗuwa nakan ɗauki ɗana mu je ofishin, ya karanta mini takardar layi-layi, ba na sa hannu sai na ji ya kai kan ambaliya.