Ɓawon bayan Gajere

Laraba.

Da safe na zo canza wa kunkuruna Gajere ruwa sai na ga wani abu yana yawo a sama, siriri kamar leda, kana hango yatsanka ta cikinsa. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ashe ɓawo ya saki, irin wanda kunkurun ruwa ke yi in yana girma. Na ɗaga Gajere na danna wurin, da ƙarfinsa, ba wari ba laushi, kalar ma ta fi fitowa. Har Umma na kira ta zo ta gani don murna.

Aiki dai kamar kullum. Ciwon kai kaɗan.

Da yamma ne abin ya ɓaci. Ina shigowa na tarar da Auta tsugune da Gajere a hannu, ta sa farce tana ɓanɓarar wani ɓawon da ya ɗan ɗago a gefe, shi kuma sai wutsil-wutsil yake da ƙafafu. Ban san sanda na daka mata tsawa ba. Ta ce "Yaya ai ya riga ya ɗago, taimaka masa nake." Na ce Auta wannan ƙoƙon ba riga ba ce da zai tuɓe, ƙashinsa ne, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe, akwai jini akwai jijiya, yana ji. Saman ne kawai yake kamar farcenki, in kika cire tun bai nuna ba kin buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, daga nan ruɓewa ke farawa. Ta ajiye shi ta fita idonta da ƙwalla, raina bai so ba, don da kyakkyawar niyya ta yi.

Amma abin da ya hana ni sukuni daban ne, da na kai shi haske na ga wurare biyu a tsakiyar baya inda tsohon ɓawo ya maƙale, wani kan wani, sun yi fari dusu-dusu. Sai na tuna ƙwan fitilarsa mai ba da UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani. Wata 14 kenan ban canza ba, alhali tsakanin wata 6 zuwa 12 ake canzawa, tunda ƙwan yana ci gaba da kawo wuta bayan ƙarfinsa ya tafi. Ni kuma na dogara da ranar da ke shigowa ta taga, ga shi gilashi yana tare UVB, in babu UVB babu bitamin D3, kalsiyam ɗin da yake ci ba zai kama jikinsa ba. Na auna zafin kan dutsen da yake hawa ya bushe, digiri 26 a ma'aunin Celsius, ya kamata ya kai wajen 32.

Duk watannin nan yana hawa dutsen yana miƙe wuya a ƙarƙashin fitilar, ni ina kallo ina jin daɗi.

Gobe sabon ƙwan fitila, sannan likitan dabbobi ya duba fararen wuraren. Auta har yanzu ba ta fito cin abinci ba, bari in je in ba ta haƙuri.