Sati biyu ina fama da DSpace a laburarenmu

Abin da ya tayar min da hankali tun farko shi ne wani ɗaki a bayan laburarenmu inda ake jibge kundayen digiri na ɗalibai. Ranar da na shiga na tarar gara ta ci na ƙasa, na sama kuma ruwan damina ya bi ta rufi ya jiƙa su har shafukan sun manne. Wallahi raina ya ɓaci, don kowane kundi shekarun wani ne da kuɗin iyayensa. Shi ya sa da aka ce a nemi wanda zai kafa rumbun ajiya na intanet ban jira an roƙe ni ba.

DSpace muka zaɓa, wato manhajar da ake kafa irin wannan rumbu da ita. Akwai EPrints ta jami'ar Southampton a Ingila wadda ta ma riga ta fitowa, amma DSpace ce na fi ganin jami'o'inmu na amfani da ita, kaga in ka maƙale akwai wanda za ka kira. Jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin HP ne suka haɗa ta, ta fito a 2002, kuma kyauta ce, ba lasisin da za ka biya.

To amma kyautar ba ta hana wahala ba. Mutane na zaton kamar manhajar waya ce ka latsa ta sauka, ina! Sai ka fara shirya mata gida tukuna, a kan Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar (kwamfutar da rumbun zai zauna a kai), na sa Java, yaren da aka rubuta DSpace da shi, na sa PostgreSQL da zai riƙe bayanan kowane kundi, na sa Tomcat da zai ɗauke ta ya amsa buƙatun da ke zuwa ta intanet, sai Solr wanda shi ke yin bincike in mutum ya rubuta suna ko maudu'i, sannan Maven da Ant na harhaɗa ta. Daga DSpace 7 da ta fito a 2021 an raba abin gida biyu, akwai injin da ke baya akwai kuma fuskar da mai karatu ke gani wadda aka gina da wani kayan aiki mai suna Angular, ita kuma ba ta tashi sai da manhajar Node.js. Wato abu biyu za ka girka kuma dole su riƙa jin maganar juna.

Nan fa na kwana uku. Kowanne ya tashi lafiya, injin na amsawa a ƙofa (wato port, lambar da ake samunsa ta kanta) ta 8080, fuskar na 4000, amma in na buɗe shafin sai fari fat ko ya ce sabis ba ya samuwa. Ashe adireshin da na rubuta a fayil ɗin saitin injin, local.cfg, bai yi daidai da na ɓangaren fuskar ba, ɗaya na da https ɗayan http, harafi ɗaya tak, injin kuma ba ya karɓar buƙata daga adireshin da bai sani ba. Duk mai shirin wannan aiki ya duba dspace.ui.url da dspace.server.url, wato layukan adireshin fuskar da na injin, sau biyu kafin ya fara zargin sabar. Kuma kar ka manta da pgcrypto, wani ƙari da ake kunnawa a PostgreSQL, don a DSpace 7 in babu shi ginin ma ba zai wuce ba.

Maven kuwa data yake sha ba kaɗan ba, ga wuta ana ɗaukewa ana kawowa, sau biyu yana katsewa a tsakiya sai da na bari dare ya yi na jona inbata.

Wani abu da ya dame ni sosai shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Muna da kundaye da yawa na sashen Hausa, in ba a saita komai a kan UTF-8 ba, wato tsarin da ke sa kwamfuta ta gane irin waɗannan haruffa, sunan Ɗanladi zai iya komawa alamar tambaya. Na gwada da kaina na ga sun zauna daram, sai dai mai bincike da wayarsa galibi d zalla zai rubuta, don haka na roƙi masu shigar da bayanai su riƙa ƙara kalmomin nema marasa lanƙwasa a gefe.

Abin da na fi nanata wa shugabanninmu shi ne ranar da shafi ya buɗe ba ranar gama aiki ba ce. Takardun kansu suna cikin wata jaka mai suna assetstore, sunayen fayilolin a can lambobi ne barkatai, PostgreSQL ne kaɗai ya san wanne ne kundin wa. In ka kwafi ɗaya ka bar ɗaya, ranar da ma'ajiyar kwamfutar (hard disk) ta mutu ba abin da za ka iya maidowa. Na saita cron, mai gudanar da aiki da kansa a lokacin da aka sa masa, yana yin pg_dump, wato kwafin bayanan PostgreSQL, kullum da daddare yana kuma kwafe jakar zuwa wata na'ura a wani gini daban, kuma na zauna na gwada maido da komai a tsohuwar kwamfuta don in gani da idona cewa kwafin na aiki. Na kuma kunna OAI-PMH, wata ƙa'idar musayar bayanai tsakanin rumbuna, don sauran rumbunan duniya su iya kwasar bayananmu.

Yanzu muna ta sikanin waɗanda gara ba ta kai gare su ba, muna farawa da mafi tsufa. Abin da ya rage shi ne a ba ni mutum ɗaya in koya masa sabar nan, don har yau ni kaɗai na san inda komai yake kuma wannan bai kwanta min ba.