Abin da Kiwon Malam-Buɗe-Littafi Ya Koya Mini a Aikin Koyar da Zane

A aikina na koyar da zane a makarantar sakandare, babu abin da ya fi ba ni wahala kamar raba ɗalibi da hoton da ya riga ya zauna masa a kai. Idan aka ce wa aji su zana malam-buɗe-littafi, kusan kowa zai ja sanda a tsakiya, ya liƙa mata fukafukai biyu, ya cika su da ɗige-ɗige, domin haka suka saba gani tun firamare. Hanyar magance wannan na same ta ne a wurin wata ɗalibata da take kiwon waɗannan halittu a gidansu, tana kuma zana su da fensir da fentin ruwa tun suna ƙwai har ranar da za su tashi.

Kayan kiwon nata ba su wuce bokitin roba da yankin tsohon gidan sauro da ɗan kara ba. Ƙwan kuwa a bayan ganyen tumfafiya take samo shi, domin akwai wani nau'i mai ruwan goro da baƙin baki-baki wanda ya fi son ajiye ƙwansa a jikinta. Tsutsar da ke fitowa tana da zobba baƙaƙe da farare da rawaya, kuma za ta gwammace ta mutu da yunwa da ta ci ganyen mangwaro ko na zogale. Gubar da ke cikin nonon tumfafiyar ce take taruwa a jikinta, ta zame mata kariya daga tsuntsaye har bayan ta yi fukafukai. Saboda wannan nonon ne nake jaddada wa duk mai sha'awar kiwon ya wanke hannu bayan ya tsinko ganye, domin yana yi wa ido mummunar illa. Tsutsar tana yin saɓa har sau biyar, a ta ƙarshen ce take rataye kanta ta koma ɗan ƙunshi kore mai ɗigon zinariya, kuma a lokacin zafi tafiyar gaba ɗaya ba ta cika wuce wata guda ba.

Darasi mafi girma ya zo mini ne daga zanen da ta yi na wanda ya ƙyanƙyashe. Ta ba shi fukafukai huɗu, ta tsayar da shi a kan ƙafa huɗu, alhali kowa ya haddace cewa ƙwaro ƙafa shida gare shi. Gaskiyarta ce, domin a wannan dangi ƙafafun gaba biyu ƙanana ne, a naɗe suke a ƙirji. Haka kuma ta bar fukafukan baya farare, ko da yake hotunan da ta gani a intanet, waɗanda akasarinsu daga Indiya aka ɗauko, suna nuna su ruwan goro. Na Afirka ta Yamma kuwa farare ne. Har ta kai tana bambance namiji da mace ta ƙarin baƙin ɗigo guda da namiji yake da shi a fiffiken baya. Babu wanda ya karantar da ita waɗannan abubuwa, zaman kallo ne na tsawon lokaci da fensir a hannu ya kai ta gare su. Tun daga nan na tabbata cewa gyaran idon ɗalibi ya kamata ya riga gyaran hannunsa, kuma wanda ya ciyar da abu da hannunsa har ya girma yana kallonsa da wata kulawa da ba a samu a wurin mai kwafar hoto.

Wannan hanya tana da tarihi. Maria Sibylla Merian, wadda aka haifa a birnin Frankfurt na Jamus a 1647, ta fara kiwon tsutsar siliki tana da shekara 13, a zamanin da mutane da yawa suke ɗaukar cewa ƙwari daga taɓo suke tsirowa. A 1699 ta tafi Suriname a Kudancin Amurka, inda ta riƙa zana kowane ƙwaro tare da tsiron da yake ci, kuma har yau masana suna komawa ga zanenta.

Akwai kuma darasin haƙuri da asara, wanda ba a koyar da shi a allo. Kiyashi sukan shiga bokiti, ganyen da aka yi wa feshi yakan kashe tsutsa, wani lokaci kuma ƙunshin yakan yi baƙi saboda wani ƙuda ya riga ya sa ƙwansa a jikin tsutsar tun tana daji. Idan malam-buɗe-littafin ya ƙyanƙyashe lafiya, dole a bar shi a rataye awa ɗaya ko biyu har fukafukansa su miƙe su bushe, kuma ba a taɓa su, domin launinsu ƙananan ɓawo ne da ke gogewa a yatsa. Ɗalibata takan zana shi a wannan ɗan lokaci, sannan ta buɗe masa ya tafi.

Ina jin takaici idan na ji iyaye suna kiran irin wannan sha'awa tara ƙazanta a gida, domin yarinyar da take rubuta kwanan wata a ƙasan kowane zane tana yin ainihin aikin da ake nema a darasin nazarin halittu. Yanzu a zangon damina nakan sa ɗalibaina su nemo tsutsar da ke kan lemun tsami, wadda take fara rayuwa da kamar kashin tsuntsu kafin ta koma koriya, su bi ta da zane kullum a littafi ɗaya. Makin da nake bayarwa ya ta'allaƙa ne a kan yawan abin da ɗalibi ya lura da shi, sai kyan fenti ya biyo baya.