Kanwa uwar gami

Shekara 4 na yi a gidan Hajiya ina dafa ganye, a watan jiya na ajiye mata ludayinta. Masu aikin abincin biki a Maradi sun san tashin asuba da hayaƙin itace, ba sai na faɗa ba. Rana guda ce ta ƙi fita daga raina.

Bazara ce, cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40. Aka ba mu aikin kwaɗon zogale da dambu na wani ɗaurin aure a unguwar Zariya. Yadda aka saba, tun jajibiri ake sayen zogale ɗanye shar daga masu lambun Jiratawa ko na bakin Gulbi wajen Tibiri, mu zage shi da dare. Wannan karon Hajiya ta tsaya jan ciniki har aka kwashe mai kyau. Sai da hantsi ta shigo da buhu 2 na tsohon ganye, mai kauri, duk tsinke, tana murna wai ta samu araha. Tsohon zogale kuwa ba ya jin wuta da wuri. Ƙarfe 11 ta yi yana nan da taurinsa, ga shi bayan azahar ake jiranmu.

"Ƙara kanwa, ɗiyata," in ji ta.

Na ce, "Hajiya, ai na riga na sa."

Ta ce, "Ni da ke wa ya riga riƙe ludayi?"

Na yi shiru. Ta miƙo dunƙule, ko jiƙawa ba a yi ba, na dandaƙa na watsa da hannuna. Kafin mu ankara ganye ya yi duhu, ya dame, yana santsi kamar miyar lalo. Muka tsane, muka matse, muka zuba ƙuli-ƙuli da albasa da tattasai da man gyaɗa fiye da kima, amma in ka kai baki sai ka ji kamar ka lashi sabulu. Kwaɗo yana son ganye warawara, wannan kuwa ko a ido ya faɗi.

Uwar amarya ta maido robobin kusan yadda aka kai su. A tsakar gidan biki, gaban mata, Hajiya ta nuna ni ta ce yaran yanzu ba sa jin magana, ta hana ni sa kanwa na ƙi. Ƙarshen wata ta cire min jikka 5 cikin jikka 20.

Na daɗe ina cewa laifinta ne duka. Da saura. Tun ina yarinya a Madarunfa kakata ta nuna min cewa kanwa jiƙa ta ake yi, a tace, a riƙa sa ruwanta cokali-cokali ana ɗanɗanawa, don in ta shiga tukunya ba ta fita. Na sani. Na kuma san mafita a ranar: a rage kwaɗo, a ƙara dambu, tunda a dambu ganyen zai sake shan turara tare da tsaki, ya ƙarasa laushi. Maganar tana bakina na haɗiye, don kar a ce na yi wa babba gyara. Daga baya ma wata malamar asibiti ta faɗa mana wurin awo cewa yawan kanwa yana kashe sinadaran ganye masu amfani ga jiki, ashe ba ɗanɗano kaɗai muka ɓata ba. Ga masu shigowa aikin, in uwar ɗakinku ta ce ku ƙara abin da kuka san ya isa, ku miƙa mata ta zuba da kanta. Cikin ladabi dai.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Rama da tafasa a zubar da ruwan farko, gasaya ma haka saboda ɗaci. Alayyahu daf da sauke tukunya ake sa shi. Ganyen damina sai an wanke sau 3, in ba haka ba yashi zai ba ki kunya. Kuka a inuwa ake shanya ta in ana son korenta. Da zafi kuma kar a kwaɗa da wuri a rufe a kula, tsami zai yi kafin baƙi su zauna.

Yanzu a ƙofar gidanmu nake sayarwa, a Bagalam, kuma ni nake zuwa zaɓen ganyena. Tukunya ɗaya ce, kafin la'asar ta ƙare. Ranar Juma'ar da ta wuce wata yarinya ta zo da kwano a rufe cikin ɗankwali, ta ce a ba ta na dala 100. Kwanon na gane, shekara 4 ina wanke shi. Na zuba mata daidai kuɗinta, ban yi gyara ba.